Idan Jini Ya Kasa Isa Tafin Ƙafa: Aikin Buɗe Jijiya da Balan-balan a Faris da Liyon

Jinin da ke ciyar da ƙafa yana saukowa ne daga zuciya ta babbar jijiyar ciki. A daidai cibiya ta rabu biyu, kowane reshe ya bi matsematsi, ya gangara cinya, ya zagaya bayan gwiwa. Ƙasa da gwiwa kaɗan hanyar ta sake kasuwa uku: ɗaya ta bi gaban ƙwauri zuwa gadon ƙafa, ɗaya ta bi baya, ta ratsa ƙarƙashin idon sawu na ciki ta shiga tafin ƙafa, ta ukun kuma tana lafe a tsakiya, kusa da siririn ƙashin ƙwauri. Faɗin kowacce bai wuce milimita 2 zuwa 3 ba, kaurin tsinken ashana ke nan ko ɗan fiye. Waɗannan hanyoyi uku su ne dukan abin da yatsu da diddige suka dogara da shi.

A Hausa kalmar jijiya ta ɗauki kaya da yawa. Da ita ake kiran wadda ke kai jini, da wadda ke dawo da shi, da wadda ke sa a ji zafi ko sanyi, har da agara. Wadda ake magana a kanta a nan ita ce mai kai jini, wadda ake jin bugunta idan an ɗora yatsa. Da shekaru, musamman ga mai ciwon suga, da mai shan taba, da mai hawan jini ko ciwon ƙoda, maiƙo yakan taru a bangonta ta ciki, ya daskare, sinadarin kalshiyam ya hau kansa ya sandarar da shi, kamar farin dattin nan da ke kama cikin butar shayi da ta daɗe a wuta. Hanya ta riƙa tsukewa har ta toshe. Wani ƙiyasi da mujallar Lancet ta buga a 2013 ya nuna cewa mutum sama da miliyan 200 ne a duniya ke da irin wannan tsukewa a jijiyoyin ƙafa. Yawancinsu ba su sani ba, kuma kaɗan ne daga cikinsu ke kaiwa matakin da ƙafar ke cikin haɗari.

Likitocin Faransa suna kasa cutar mataki huɗu, bisa tsarin da René Fontaine, ɗalibin René Leriche, ya fitar a 1954. A na farko babu alama. A na biyu mutum yakan yi tafiya kaɗan sai sha-raɓarsa ta ɗaure, ya tsaya, ta sake shi, ya ci gaba. Na uku shi ne ciwon da ke zuwa ko ana zaune, ya fi tsanani da dare, a yatsu da gaban ƙafa. Mai shi yakan gano da kansa cewa idan ya sauko da ƙafar daga gado yana samun sauƙi, domin nauyin jini yana taimaka masa ya gangara. Wasu har sukan koma kwana a kujera, ƙafar ta kumbura. Na huɗu shi ne gyambon da ya ƙi warkewa, ko yatsa ya yi baƙi ya bushe. Idan ɗaya daga cikin biyun ƙarshe ya wuce mako biyu, an shiga matsanancin ƙarancin jini. Wata takardar haɗin gwiwa ta ƙungiyoyin likitocin jijiya ta 2007 ta ƙiyasta cewa cikin shekara guda kusan kashi 30 cikin ɗari na irin waɗannan marasa lafiya za su rasa ƙafa, kusan kashi 25 kuma za su rasu, yawanci ta ciwon zuciya ko shanyewar jiki, domin cutar da ta toshe ƙafa ba ta ƙyale sauran jiki ba.

Mai ciwon suga sau da yawa ba ya bin waɗannan matakai. Suga ya riga ya kashe jijiyoyin ji, don haka babu ɗaurewar nama, babu ciwon dare da zai yi masa gargaɗi. Abu na farko da za a gani shi ne ɗan rauni daga takalmi ko yankan farce, wanda mako uku ya wuce bai kame ba. A jikinsa kuma toshewar ta fi son jijiyoyin nan uku na ƙasan gwiwa, kuma takan yi tsawo, wani lokaci daga gwiwa har idon sawu.

Akwai wani nau'i dabam da bai kamata a haɗa da wannan ba: ƙafa ta yi sanyi farat ɗaya, ta yi fari, ta sage, saboda gudan jini ya toshe hanya. Wannan na sa'o'i ne, kimanin shida, ba na makonni ba.

Doki, shugaban ƙasa da mai aikin allura

A kan doki aka fara gane cutar. A 1831 wani likitan dabbobi a Faris mai suna Jean-François Bouley ya ba da bayanin wani dokin jan keke da ke fara ɗingishi idan ya yi gudu, ya warke idan ya huta. Da dokin ya mutu aka buɗe shi, aka tarar jijiyoyin cinyoyinsa na baya a toshe. A 1858 Jean-Martin Charcot, wanda daga baya ya yi suna a asibitin Salpêtrière, ya ga irin wannan a jikin wani tsohon soja, ya kuma danganta shi da abin da aka gani a doki. An san dalili ke nan, amma kusan babu wanda ya iya taɓa jijiyar jini da wuƙa ya gyara. Abin da ake yi mata kawai a ɗaure.

Ranar 24 ga Yuni 1894 wani ɗan Italiya, Sante Caserio, ya soki shugaban Faransa Sadi Carnot da wuƙa a birnin Liyon. Wuƙar ta yanke babbar jijiyar da ke shiga hanta, manyan likitocin birnin suna tsaye jini ya ƙare masa cikin dare. Alexis Carrel yana ɗalibin likitanci a Liyon a lokacin, bai cika 21 ba. Liyon garin siliki ne, garin masaƙa da masu surfani, kuma ana ba da labarin cewa wurin wata gwanar aikin allura ya koyi riƙe siririyar allura da zaren siliki. A 1902 ya buga dabararsa: a kafa zare uku a bakin jijiyar da aka yanke, a ja su har da'irar ta koma kusurwa uku, sai a ɗinke kowane gefe a miƙe kamar bakin riga. Ya sami kyautar Nobel a 1912. Sunansa ya ɓaci daga baya saboda ra'ayinsa na tace irin ɗan Adam, har a 1996 aka cire shi daga tsangayar likitanci ta Liyon da ke ɗauke da shi. Ɗinkin dai ya zauna.

Leriche ma a Liyon ya yi karatu kafin ya koma Sitirasbug, daga nan Faris. Ya fi karkata ga yanke wasu jijiyoyin ji da ke sa hanyoyin jini su tsuke, da fatan ƙananan rassa su buɗe. Almajirinsa Jean Kunlin ne ya yi abin da ya sauya fannin. A 1948 a Faris ya zare doguwar jijiya mai dawo da jini da ke ƙarƙashin fatar ƙafa, ya juya ta kai ƙasa, ya ɗinka bakinta ɗaya sama da toshewar, ɗayan ƙasa da ita. Jini ya sami hanyar ratse, kamar yadda manyan motoci ke bin titin baifas su kauce wa cunkoson cikin gari. Har yau wannan aikin ne ake auna kowace sabuwar dabara da shi.

Buɗewa ta ciki ba a Faransa ta faro ba. A 1953 Sven-Ivar Seldinger na Suwidin ya nuna yadda za a shiga jijiya da allura, a zura waya, a cire allurar, a bi wayar da bututu, ba tare da yanka ba. Ranar 16 ga Janairu 1964 Charles Dotter, likitan hoto a Fotland ta Amurka, ya karɓi wata tsohuwa mai shekara 82 da yatsunta suka fara ruɓewa, ta kuma ƙi yarda a yanke mata ƙafa. Ya tura bututu siriri, ya bi shi da mai kauri, ya buɗe tsukewar. Ciwon ya lafa, ta koma tafiya da ƙafarta. Andreas Grüntzig a Zurik shi ya ɗaura balan-balan a kan bututun. A teburin kicin ɗinsa ya riƙa harhaɗa na farko. Jijiyar ƙafa ya fara buɗewa da shi a 1974, ta zuciya sai 1977. Ragar ƙarfe da ake tokare jijiya da ita, wato sitent, Jacques Puel ne ya fara sa wa mutum a jijiyar zuciya, a Tuluz, a 1986. Wani abin Faris da ya rage a kowane ɗakin aiki na duniya shi ne ma'aunin kaurin bututun: maƙerin kayan tiyata Joseph Charrière ne ya tsara shi a ƙarni na 19, kowane lamba sulusin milimita ne, kuma likitoci a ko'ina suna kiransa ma'aunin Faransa.

Kafin a taɓa ƙafar

A Faris aikin yana gudana a asibitoci irin su Georges-Pompidou, da Pitié-Salpêtrière mai sashe na musamman don ƙafar masu suga, da Saint-Joseph. A Liyon akwai Édouard-Herriot da Louis-Pradel, a ƙarƙashin hukumar asibitocin birnin. Wanda ya zo da gyambo, yatsun likita ne za su fara bincikarsa: a lalubi bugu a matsematsi, a bayan gwiwa, a gadon ƙafa, a bayan idon sawu. Sai a ɗaga ƙafar a ga ko za ta yi fari, a sauke a ga ko za ta yi jan da bai dace ba.

Daga nan sai awo. Ana auna ƙarfin jini a idon sawu da ƙaramar na'urar Doppler, a raba da na hannu. Idan sakamakon ya gaza 0.9 akwai tsukewa. Amma wannan awon yana yaudara a jikin mai suga da mai wankin ƙoda, domin jijiyar ta sandare kamar karan dawa, mayanin awo ba ya iya matse ta, sai lamba ta fito sama da 1.4 alhali jini bai isa ba. Saboda haka ake komawa babban yatsa, inda sandarewar ba ta cika kaiwa ba. Ƙarfin jini ƙasa da 30 a yatsa, ko ƙasa da 50 a idon sawu, alama ce ta cewa rauni ba zai warke da kansa ba. Ana kuma manna wani ɗan faifai a fata a auna iskar oksijin da ke isowa. Sikanin yana nuna inda toshewar take da tsawonta, yana kuma duba ko jijiyar nan ta Kunlin tana da kyau, ko da za a buƙace ta.

Tun 2014 an ƙara da wani tsari mai duba abu uku tare: girman raunin, ƙarancin jinin, da ƙwayoyin cuta. Hikimarsa a fili take. Ɗan ƙaramin rauni mai tsabta zai iya warkewa da jini kaɗan, amma babban gyambo mai mugunya a diddige yana buƙatar jini mai yawa. Idan kuma mugunya ta taru a cikin tafin ƙafa, ita ake fara fitarwa a ranar, buɗe jijiya ya biyo baya.

Yadda aikin yake

Mara lafiya yana kwance a rigingine a ƙarƙashin na'urar hoto mai juyawa, idonsa biyu. Allurar kashe zafi ake yi a matsematsi, wani lokaci a haɗa da ɗan maganin kwantar da hankali. Wannan kaɗai babban abu ne ga tsoho mai raunin zuciya wanda ba zai jure maganin barci na sa'o'i ba. Likita yana kallon sikanin ya soka allura a jijiyar matsematsi, ya sa ɗan gajeren bututu mai lamba 4 zuwa 6, wato faɗin milimita 2 ko ƙasa. Ana ba da maganin tsinka jini. Sai a tura ruwan rini, a allon ya bayyana kamar reshen bishiya baƙi, inda ya yanke nan toshewar take.

Wahalar aikin duka tana wajen ƙetare toshewar. Wayar da ake amfani da ita a ƙasan gwiwa kaurinta kusan sulusin milimita ne. Likita yana murza ƙarshenta na waje tsakanin babban yatsa da manuni, kamar mai kaɗi da mazari, ita kuma tana lalube a nesa da hannunsa da kusan mita guda. Abin da yake gani a allo inuwa ce. Sauran a yatsunsa yake ji. Idan ta ƙi shiga ta tsakiya, akan bar ta ta lanƙwasa ta kutsa tsakanin ɓawon bangon jijiyar, ta zagaye daskararren wurin, ta sake faɗawa hanya a ƙasa. Amman Bolia na Lesta ta Ingila ya yaɗa wannan dabara a ƙarshen shekarun 1980. Idan nan ma ta ƙi, sai a sake soka wata allura a ƙasa, a gadon ƙafa ko bayan idon sawu, cikin jijiyar da ba ta kai milimita 2 ba, a turo waya sama. Toshewa takan fi laushi ta ƙasanta. Wayoyin biyu su haɗu a tsakiya, a zaro ɗaya ta cikin bututun ɗaya. Irin wannan na iya cin sa'a biyu ko uku, kuma akwai ranar da ba a dacewa.

Da waya ta wuce, sai a zura balan-balan a kanta a naɗe. Ba irin na yara ba ne: siriri ne dogo, faɗinsa milimita 2 zuwa 3, tsawonsa kan kai santimita 20, kuma ba ya wuce girman da aka ƙera shi. Da ruwa ake hura shi, ba iska ba, da ƙarfin da ya ninka na tayar mota sau uku zuwa shida. A bar shi minti ɗaya zuwa uku. A lokacin mara lafiya yakan ji ciwo mai nauyi a ƙwauri, da an sace ruwan ya wuce. Balan-balan ba ya kwashe dattin. Fasa shi yake, ya danna shi cikin bango, ya miƙar da bangon. Wato rauni ne aka yi da gangan, kuma daga nan matsalar gaba take tasowa.

Sai a sake tura rini. Abin da ake nema shi ne aƙalla hanya ɗaya miƙaƙƙiya daga gwiwa har cikin ƙafa, in da hali wadda ke kai jini daidai yankin da raunin yake: ta baya don diddige da tafi, ta gaba don saman yatsu. Idan bangon ya yage ya rufe hanya, ko ya koma ya tsuke nan take, ana iya sa gajeren sitent, galibi mai ɗauke da magani. A ƙarshe a zare komai, a danne wurin allurar minti 10 zuwa 15 ko a toshe shi da wata 'yar na'ura. Mutum ya kwanta a miƙe na sa'o'i, ya tafi gida washegari idan raunin bai riƙe shi ba. Wasu tun a daren farko suke barci a gado, bayan watanni a kujera.

Haɗari akwai. Wurin allura na iya zubar da jini ko ya kumbura. Ɓarɓashi na iya ɓallewa ya toshe ƙananan rassa a ƙasa. Waya na iya huda bango. Rinin yana wahalar da ƙoda mai rauni, shi ya sa ake ba da ruwa kafin aiki da bayansa, a rage yawan rinin, ko a maye shi da iskar kabon, a kuma dakatar da maganin suga na metformin na ɗan lokaci ga wanda ƙodarsa ba ta da ƙarfi.

Abin da yake iyawa

Jijiyar ƙasan gwiwa da aka buɗe ba ta cika zama a buɗe ba. Jiki yana ɗaukar fashewar a matsayin rauni, ya yi mata tabo ta ciki. A dogayen toshewa fiye da rabi sukan sake tsukewa kafin shekara, da yawa cikin watannin farko. Duk da haka, a rahotannin da aka tattara, kimanin takwas cikin goma ko fiye suna nan da ƙafarsu bayan shekara. Dalili shi ne rauni yana buƙatar jini mai yawa kafin ya warke, amma fatar da ta riga ta rufe tana iya rayuwa da kaɗan. Balan-balan yana sayo wa raunin 'yan watanni ne. Idan ya rufe a cikinsu, buƙata ta biya ko da jijiyar ta koma. Idan bai rufe ba, sai a sake aikin, kuma sake shi sau biyu ko uku ba baƙon abu ba ne.

An yi ta neman hanyar tsawaita watannin. Balan-balan mai shafe da maganin paclitaxel ya yi amfani a cinya, amma a ƙasan gwiwa sakamakon ya rarrabu. Akwai wanda aka janye daga kasuwa a 2013 bayan gwaji ya nuna alamar ƙarin yanke ƙafa. A 2018 wani nazari ya tayar da hankali da zargin ƙarin mace-mace ga masu amfani da maganin, sai a 2023 hukumar magunguna ta Amurka ta ce bayanan da suka taru ba su tabbatar da zargin ba. Akwai na'urori masu kankare kalshiyam, da masu fasa shi da girgizar sauti, da raga mai narkewa da kanta, wadda gwajin 2023 ya nuna ta fi balan-balan zalla, aka amince da ita a Amurka a 2024. Dukansu suna da tsada, kuma shaidar cewa suna rage yanke ƙafa ba ta kai ta cewa suna ƙawata hoton jijiya ba.

Tsohuwar tambaya, wuƙa ko balan-balan, manyan gwaje-gwaje biyu sun amsa ta kusan lokaci ɗaya, kowanne da bakinsa. BEST-CLI, wanda aka buga a 2022 da mutum 1,830, yawancinsu a Amurka, ya gano cewa ga wanda ke da jijiya mai kyau da za a yi ratse da ita, kuma zai jure tiyata, kusan kashi 43 cikin ɗari na 'yan tiyata ne suka gamu da mutuwa, ko yanke ƙafa, ko babban aiki na biyu, a kan kashi 57 na waɗanda aka buɗe wa ta ciki. Ga marasa irin wannan jijiya ba a ga bambanci na a zo a gani ba. BASIL-2, da aka buga a 2023 da mutum 345 a Birtaniya, Suwidin da Denmak, ya tsaya a kan masu toshewar ƙasan gwiwa: kashi 63 na 'yan tiyata sun rasu ko sun rasa ƙafa, a kan kashi 53 na 'yan balan-balan. Mutanen da aka gwada ba iri ɗaya ba ne, abin da aka ƙirga ma ba ɗaya ba. Abin da za a iya ɗauka shi ne aikin Kunlin bai tsufa ba, kuma asibitin da hanya ɗaya kawai ya iya zai riƙa ganin kowane mara lafiya ya dace da ita. Shi ya sa a manyan asibitocin Faransa likitan tiyata, da likitan hoto, da likitan jijiya, da na suga suke zama kan hoton mutum ɗaya kafin a yanke shawara.

Akwai waɗanda babu hanyar da ta rage a ƙafarsu da za a buɗe ko a ɗinka wa ratse. Wani kamfanin Faris, LimFlow, ya ƙera tsarin da ke karkatar da jini daga jijiya mai kaiwa zuwa mai dawowa a ƙwauri, a lalata ƙofofinta na ciki, jini ya gangara ƙafa ta hanyar da aka halitta don hawa. A gwajin mutum 105 da aka buga a 2023, kimanin kashi 66 cikin ɗari suna raye da ƙafarsu bayan wata shida. Kulawar bayansa tana da wuya, kuma cibiyoyi kaɗan ne ke yi. Ga wanda ruɓewa ta cinye diddige, ko ya daɗe ba ya tafiya, ko cutar ta shiga jini, yanke ƙafa a kan lokaci magani ne. Ana ƙoƙarin barin gwiwa, domin mai gwiwa ya fi saurin koyon tafiya da ƙafar roba.

Bayan an sauko daga teburin

Ranar aiki ita ce mafi sauƙi. Abin da ke biye shi ne wanke rauni da kankare mataccen nama a kai a kai, maganin ƙwayoyin cuta na makonni idan ƙashi ya kamu, da takalmi ko filasta na musamman da ke ɗauke nauyi daga raunin. Gyambon da ake takawa kullum ba ya rufewa ko jini nawa ya samu. Ana ba da asfirin ko clopidogrel, da maganin rage maiƙo na statin. Gwajin VOYAGER na 2020 ya nuna cewa ƙara rivaroxaban kaɗan, miligiram 2.5 sau biyu a rana, a kan asfirin yana rage sake toshewa, da ɗan ƙarin haɗarin zubar jini. Taba kuwa, idan ba a bari ba, tana rushe aikin duka. Ana maimaita sikanin a watannin farko, kuma dawowar ciwon dare ko tsayawar rauni dalili ne na komawa asibiti ba tare da jiran ranar da aka rubuta ba.

A Faransa ciwon suga da toshewar jijiyoyin ƙafa suna cikin jerin cututtuka masu daɗewa da inshorar lafiya ta ƙasa ke ɗaukar nauyin maganinsu gaba ɗaya. Tun 2008 tana biyan ziyarar mai kula da ƙafa ga masu suga da ke cikin haɗari, kuma ƙa'ida ita ce duk rauni a ƙafar mai suga ya isa hannun ƙwararru cikin sa'a 48. Da duk wannan, sama da masu suga 8,000 ake yanke wa yatsa ko ƙafa a ƙasar kowace shekara, kuma abin ya fi yawa a tsakanin marasa ƙarfi.

A Kano, Sakkwato, Maraɗi ko Damagaram hoton ya ɗan bambanta. Yawancin gyambon masu suga a Afirka ta Yamma daga mutuwar jijiyoyin ji da ƙwayoyin cuta yake farawa, ba daga toshewa ba: faso a diddige lokacin hunturu, ƙaya, ƙunar kaskon wuta da ba a ji ba, rairayi mai zafi a ƙafar da ba takalmi, danshin da ke zama tsakanin yatsu idan ba a goge ba bayan alwala. Irin wannan ba balan-balan yake buƙata ba. Amma toshewar tana ƙaruwa tare da suga, hawan jini da tsawon rai, kuma ana bambance su ne da abubuwa masu araha: yatsun ma'aikacin lafiya a kan bugun ƙafa, da na'urar Doppler ta hannu mai aiki da batir. Ƙafar da ba ta da bugu ba ta jure sakiya, ko tsaga, ko ƙaho, ko gashi da ruwan zafi, ko ɗauri mai matsewa, domin kowane sabon rauni yana neman jinin da babu. Haka kuma yanke baƙin yatsa kafin a auna jinin da ke isa wurin yakan bar raunin da ba zai kame ba, a sake yankewa sama. Inda awo ya nuna ƙarancin jini, asibitin koyarwa ne ke iya tantance ko ratse za a yi, ko buɗewa ta ciki, ko tura mutum cibiyar da ke da ɗakin hoton jijiya, kuma hoton da aka ɗauka da sakamakon gwajin ƙoda su ne takardun da cibiyar za ta fara nema.